YAƘIN DA AKE YI A CIKIN ƘWAYAR GYAƊA

Jawabi ga manoman ƙasar Zuru, maza da mata, domin a karanta a aji da dandali tun kafin kaka

 

Kowa ya taɓa tauna gyaɗa ya ci karo da ƙwaya mai ɗaci, ya tofar. Kowa ya taɓa kwance buhun masara ya tarar wani abu kore-kore ya lulluɓe 'ya'yan. Wannan abu shi ne fumfuna, wasu kuma su ce hunhuna. Mutane da yawa sun ɗauka dauɗa ce kawai, a kaɗe, a wanke, a ci. To, lamarin ya wuce nan. Akwai wata irin fumfuna da ke zuba guba a cikin abinci. Gubar tana taɓa hanta, tana hana yara girma, tana kuma karya darajar amfanin gona a kasuwa.

Amma shuka ba a zaune take tana kallo ba. Tana da nata makami. Tsakaninta da fumfuna yaƙi ake yi tun daga gona. Manomin da ya san yadda yaƙin yake, shi zai iya taya shukarsa ta ci nasara. Abin da wannan jawabi zai bayyana ke nan.

MECE CE FUMFUNA?

Fumfuna abu ne mai rai. Ba dabba ba ce, ba kuma tsiro ba ce. Danginta ɗaya da laimar kwaɗi da ke fitowa a kan juji da damina, da kuma yis ɗin da masu burodi ke sa wa kwaɓi ya kumbura. Ba ta iya haɗa abincinta da hasken rana kamar yadda dawa ke yi. Sai dai ta hau kan wani abu ta ci.

Jikinta zare-zare ne siriri ƙwarai, ya fi yanar gizo laushi. Zaren yana ratsa cikin ƙwaya tun kafin a ga komai daga waje. Ƙurar nan kore da ake gani a sama, irinta ne. Iska tana ɗaukarsa, ƙwari ma suna ɗaukarsa daga wuri zuwa wuri.

Fumfuna iri-iri ce. Wadda ake magana a kanta yau, masana sun raɗa mata suna da harshen Latin, Aspergillus flavus. Launinta kore ne mai sirkin rawaya. Gidanta cikin ƙasa ne, a jikin karare da ruɓaɓɓun ganyaye. Tana son zafi. Abincin da ta fi so shi ne gyaɗa da masara. Tana kuma hawa agushi da riɗi da barkono. Wani bincike da ma'aikatan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IITA da ke Ibadan suka buga a 2007 ya nuna cewa masara ta fi dawa da gero ɗaukar gubar. Wannan abin lura ne ga gidan da ya rage noman dawa ya ƙara na masara.

YADDA AKA GANO GUBAR

A shekarar 1960, talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a gidajen kiwo na ƙasar Ingila. Da aka bi diddigi, sai aka tarar an ba su abinci mai haɗe da tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga ƙasar Barazil. A cikin tunkuzar aka sami wannan fumfuna da gubar da take yi. Daga sunan fumfunar aka yanko sunan gubar, aka ce mata aflatoksin.

A shekarar 2004 kuma, a gabashin ƙasar Kenya, mutane suka ci masarar da suka noma da kansu, wadda aka adana ba ta gama bushewa ba. Mutum 317 aka tabbatar sun kamu da ciwo. A cikinsu 125 suka mutu. Idanunsu sun yi rawaya kamar na mai shawara, domin hantarsu ta lalace.

Wannan shi ne idan an ci da yawa a lokaci ɗaya. Amma abin da ya fi yawa shi ne a riƙa ci kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru, ba a sani ba. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa aflatoksin cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna kawo sankarar hanta. Haɗarin ya fi tsanani ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Wani bincike da aka yi a ƙasashen Benin da Togo, aka buga a 2002, ya nuna cewa yaran da aka fi samun gubar a jininsu su ne suka fi tsumburewa. Saniya ko akuyar da ta ci gurɓataccen abinci, gubar tana fitowa a nononta. Kaji kuwa sukan rame, ƙwai ya ragu.

Ga abu uku da ya kamata kowa ya riƙe. Ita gubar kanta ba a ganinta da ido. Wanki yana kawar da ƙurar fumfuna, amma ba ya fitar da gubar da ta riga ta shiga cikin ƙwaya. Dahuwa ba ta kashe ta, suya ma ragewa kawai take yi.

Saboda haka ƙasashe suka sa doka. A Tarayyar Turai, gyaɗar da za a ci kai tsaye ba a yarda gubar ta wuce kashi 4 cikin biliyan ɗaya ba. A Amurka iyakar kashi 20 ce. Domin a gane ƙanƙantar wannan, a ɗauki buhu 10,000, kowane mai kilo 100. Giram 4 kacal na gubar a cikinsu duka, watau abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, shi ne iyakar Turai. Kayan da suka wuce haka, mayar da su ake yi.

MAƘERAN DA IDO BA YA GANI

To, yaya wannan ɗan abu yake iya yin guba mai ƙarfi haka?

A cikin jikin kowane mai rai akwai wasu ƙananan ma'aikata. Masana suna kiran kowannensu enzayim. Aikinsu shi ne su juya wani abu ya koma wani abu dabam. Ba a ganinsu, amma kowa ya san aikinsu. Idan mutum ya daɗe yana tauna tuwo ko shinkafa, zai ji zaƙi-zaƙi ya fara fitowa. Enzayim ne na cikin yawu yake mayar da garin ya zama sukari. Idan mace ta naɗe nama mai tauri a ganyen gwanda ya yi laushi, enzayim ne na cikin gwandar ya yi aikin.

Ana iya kwatanta enzayim da maƙeri. Maƙeri yana karɓar ƙarfe, ya sarrafa shi, ya miƙa, ya karɓi wani. Shi kansa ba ya ƙarewa a cikin aikin. Sai dai waɗannan maƙera, kowane aiki ɗaya tak ya iya. Mai yanka ba ya haɗi. Mai haɗi ba ya lanƙwasa. Kuma kowane maƙeri yana da umurnin yinsa a rubuce cikin ƙwayoyin gado na mai ran. Idan umurnin ya ɓace ko ya ɓaci, babu maƙerin, babu aikinsa.

AIKI NA FARKO DA AIKI NA BIYU

Maƙeran jikin fumfuna ƙungiya biyu ne. Ƙungiya ta farko ita ce ta ci da rai. Su ke narka abinci, su ba da ƙarfi, su gina jiki. In sun tsaya, fumfuna ta mutu.

Ƙungiya ta biyu kuwa ba abinci take samarwa ba. Kayan zaman duniya take ƙerawa, kamar launi, da wari, da makami na korar abokan gāba. Masana suna kiran wannan aiki na biyu. Misalinsa a gidan manomi shi ne wannan: tuwo dole ne kullum, amma kwari da baka ana ajiye su ne domin ɓacin rana. Gida zai rayu ko babu su.

Ba duk abin da ƙungiya ta biyu ke ƙerawa ne mugu ga ɗan Adam ba. Maganin nan fenisilin da ake yin allurarsa a asibiti, wata fumfuna ce ke yinsa domin ta kashe ƙwayoyin cuta da ke kewaye da ita. Wani masani ɗan Birtaniya mai suna Alexander Fleming ya lura da haka a 1928. Aflatoksin ma daga irin wannan aiki ta fito. Tana cutar da ƙwarin da ke cin abinci ɗaya da fumfunar. Mutum da dabba kuma, in sun ci, ta same su.

Ba maƙeri ɗaya ke yin aflatoksin ba. Layi ne, kowa ya yi nasa ya miƙa wa na gaba. Umurnin yinsu ya haura 20, kuma duk a jere suke wuri ɗaya cikin gadon fumfunar, kamar unguwar maƙera a gari.

A bakin layin akwai babban maƙeri, wanda masana suka yi wa lamba PksA. Shi ke aza harsashi. Yakan karɓi wani ɗan guntu na farko, ya liƙa masa ƙananan gutsure guda 7 ɗaya bayan ɗaya, har su zama sarƙa. Sai ya lanƙwasa sarƙar ta zama zobba haɗe da juna. Abin da ke fitowa daga wannan mataki ja ne mai ruwan lemo, bai zama aflatoksin ba tukuna. Sauran maƙera ne za su yi ta gyara shi, wannan ya yanke, wancan ya ƙara, har ya zama gubar.

A riƙe wannan magana da kyau, domin za a dawo kanta: idan babban maƙerin nan ba ya nan, sauran duka zaman banza za su yi. Fumfunar za ta ci, ta girma, ta yi iri, amma ba za ta yi aflatoksin ba.

SHUKA MA TANA DA MAƘERANTA

Yanzu a duba ɗaya ɓangaren. Shuka ba ta iya gudu, ba ta iya cizo. To, da me take kare kanta?

Kariya ta farko ganuwa ce. Kwasfar gyaɗa, da jar fatar da ke jikin ƙwayar, da ganyen da ya rufe goyon masara, duk ganuwa ne. Muddin ba su tsage ba, da wuya fumfuna ta shiga.

Kariya ta biyu magani ne da shuka ke haɗawa nan take, in ta ji an kawo mata hari. Wasu masana biyu a ƙasar Jamus, Müller da Börger, su suka fara bayyana wannan a 1940, suna aiki a kan dankalin Turawa. Suka raɗa wa maganin suna fitoaleksin, watau garkuwar tsiro.

Manomin Zuru ya sha ganin wannan garkuwa da idonsa, domin dawa ta iya ta ƙwarai. A duba ganyen dawa ko kararta inda cuta ta taɓa, ko inda ƙwaro ya huda. Za a ga wurin ya yi ja ko ruwan goro. Wannan jan ba jini ba ne, ba kuma tsatsa ba ce. Magani ne. A 1990, masana biyu na Jami'ar Purdue a Amurka, Snyder da Nicholson, suka bayyana yadda abin ke faruwa. Da zarar zaren fumfuna ya fara huda ganye, sai ɗan ɗakin da aka huda ya haɗa wasu ƙananan ɗigo-ɗigo. Ɗigon su taru daidai wurin da maharin ke shigowa, su yi ja, su fashe a kansa. Irin dawar da ta fi saurin yin haka, ita ta fi jure cutar.

Akwai wata dawa da ke tara irin wannan jan launi da yawa a jikin ɓawon kararta, ko ba a taɓa ta ba. Ita ce karan dafi, wadda dukawa da majema suka daɗe suna rina jar fata da ita a ƙasar Hausa. Ashe launin da ke ƙawata jaka da takalmi, dangin makamin dawa ne.

Gyaɗa ma tana da tata garkuwar. Idan fumfuna ta taɓa ɗanyar ƙwaya, sai gyaɗar ta tayar da nata maƙerin. Wani abin mamaki shi ne, aikinsa ya yi kama da na babban maƙerin fumfuna. Shi ma gutsure yake haɗawa, kuma irin gutsuren nan ne dai da na fumfuna ke amfani da su. Amma shi guda 3 yake liƙawa a kan wani guntu dabam. Abin da ke fitowa magunguna ne masu hana irin fumfuna tsirowa, masu kuma tsayar da zarenta. Ƙarfe iri ɗaya, ƙira biyu. Wannan ya ƙera kibiya, wancan ya ƙera garkuwa.

RANAR DA GARKUWA KE FAƊUWA

In haka ne, me ya sa fumfuna ke cin nasara wani lokaci? Dalili uku ne.

Na ɗaya, fari a ƙarshen damina. Maƙeran gyaɗa ba sa aiki sai da isasshen ruwa a cikin ƙwaya. Idan ruwa ya ɗauke ana saura 'yan makonni gyaɗa ta nuna, ƙasa ta yi zafi, sai ƙwayar ta fara bushewa tun tana cikin ƙasa. Daga nan ta kasa haɗa maganinta. Ita kuwa wannan fumfuna ta fi gyaɗa jure zafi da ƙishirwa. Binciken da aka yi a gonakin gwaji na Jihar Jojiya ta Amurka, aka buga a 1989, ya nuna haka: sai da ƙwaya ta daina iya yin garkuwa sannan gubar ta fara bayyana. Ƙananan ƙwayoyi da ba su ƙosa ba su suka fi saurin faɗuwa. Shi ya sa motsattsiyar gyaɗa ta fi haɗari. Masara ma in fari ya kama ta bayan ta yi goyo, haɗarinta yana ƙaruwa.

Na biyu, rauni. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gara tana ƙwarzar kwasfar gyaɗa a ƙasa. Tsutsa tana huda goyon masara. Fartanya tana sare gyaɗa wajen cira. Dukan da ake yi wa masara da sanda yana fasa 'ya'yan. Kowane rauni ƙofa ce.

Na uku, laima bayan girbi. Ƙwayar da aka cire ta bushe, barci take yi. Maƙeranta sun ajiye guduma. Ba ta da sauran mai tsaronta sai bushewa da kwasfa. Idan ta sake jiƙa a wurin shanya ko a rumbu, fumfuna za ta riga ta farkawa. Wannan ne ya sa al'adar yayyafa wa gyaɗa ruwa domin ta yi sauƙin ɓarewa take da haɗari, musamman in an tara ta a jiƙe ta kwana.

DA ƊAN GARI AKAN CI GARI

Yanzu a koma kan maganar babban maƙeri. Masana sun gano cewa ba kowace Aspergillus flavus ce ke yin guba ba. A gona ɗaya ana samun mai guba da marar guba, kamanninsu ɗaya. A gonakin auduga na Jihar Arizona ta Amurka, wani masani mai suna Peter Cotty ya sami wata marar guba, aka yi mata lamba AF36. Da aka bincika gadonta, sai aka tarar kuskure ɗaya ne tak a cikin umurnin babban maƙerin nan. Saboda wannan kuskure, ba a gama ƙera shi ba, layin gaba ɗaya ya tsaya. Hukumomin Amurka sun yi mata rajista a 2003, manoman auduga suka fara baza ta a gonakinsu.

Dabarar ita ce wannan. Wuri da abinci a gona ƙayyadaddu ne. Idan marar guba ta riga isa ta cika wurin, mai guba ba za ta sami masauki ba.

Cibiyar IITA ta Ibadan ta yi irin wannan aiki a Nijeriya, tare da Ma'aikatar Gona ta Amurka da wasu jami'o'i. Ba su kawo baƙuwar fumfuna daga waje ba. Sun tattara dubban samfuri daga gonakin ƙasar nan, suka tace, suka zaɓi iri 4 marasa guba. Haka aka same su, ba wanda ya sauya musu halitta. Umurnin ƙera gubar ne ya ɓaci ko ya ɓace a cikin gadonsu. Aka haɗa su aka yi abin da ake kira Aflasafe. Hukumar NAFDAC ta ba shi cikakkiyar rajista a 2014.

Aflasafe ƙwayar dawa ce da aka gasa domin kada ta tsira. An shafe ta da irin fumfuna marar guba, an kuma rina ta shuɗi domin kada a ɗauka ta ci ce. Dawar guzuri ce ga fumfunar. Ga yadda ake amfani da shi:

Ana watsa kilo 10 a kadada ɗaya, watau kilo 4 a eka ɗaya.

Ana watsawa da hannu, mako 2 zuwa 3 kafin masara ta yi fure. Game da gyaɗa, a bi lokacin da aka rubuta a jikin jakar, ko a tambayi malamin gona.

A watsa lokacin da ƙasa ke da laima.

A gama noma da huɗa da zuba taki tukuna, domin ba a so ƙasa ta binne shi.

Cikin 'yan kwanaki za a ga kore ya fito a jikin shuɗiyar dawar. Daga nan iska za ta baza irin zuwa jikin amfanin gona. Gwajin da aka yi a gonakin manoma a Nijeriya ya nuna gubar tana raguwa da kashi 80 cikin 100 ko fiye. Kariyar tana bin amfanin har cikin rumbu. Amma a sani, Aflasafe ba taki ba ne, ba kuma maganin ƙwari ba ne. Ba ya gyara hatsin da ya riga ya ɓaci, ba ya kuma ɗauke wa mutum wahalar shanya.

ABIN DA MANOMI ZAI YI

Ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin yana farawa tun daga shuka.

1. A shuka da wuri, da zarar ruwa ya zauna, domin gyaɗa ta nuna kafin damina ta ɗauke. Irin da ke nuna da sauri yana taimakawa. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar da SAMNUT 24 a 2011, wadda ke nuna cikin kimanin wata 3.

2. A zuba takin gargajiya. Ƙasa mai taki ta fi riƙe laima, shuka mai ƙoshi ta fi iya kare kanta.

3. A guji maimaita gyaɗa ko masara a gona ɗaya kowace shekara. A riƙa juyawa da dawa ko gero.

4. A cire gyaɗa da ta nuna, kada a bari ƙasa ta ƙeƙashe. A yi hankali da bakin fartanya. Wadda ta mutu a tsaye saboda fari ko cuta, a ware ta dabam.

5. A kifa gyaɗa 'ya'yan suna sama, iska da rana su ratsa. Kada a tara ta tsibi tana ɗanya.

6. Kada a shanya a kan tsurar ƙasa. A shimfiɗa tabarma ko tamfol, ko a yi amfani da daɓe mai tsabta. In hadari ya taso a kwashe.

7. A tabbatar an bushe sarai. Busasshiyar gyaɗa tana ƙara a cikin kwasfa in an girgiza. Ga masara, a zuba ɗan hannu a busasshiyar kwalba tare da busasshen gishiri, a rufe, a girgiza, a bari ya ɗan jima. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran shanya.

8. A ajiye gyaɗa da kwasfarta har sai an tashi amfani. Kada a yayyafa mata ruwa wajen ɓarewa.

9. A share rumbu, a toshe inda yake yoyo, kada a haɗa sabon hatsi da tsoho. A ɗora buhuna a kan katako, nesa da bango. Buhun PICS mai ciki uku yana hana iska shiga, amma busasshen hatsi kaɗai ake zuba masa.

10. A tsince. Duk ƙwayar da ta motse, ko ta fashe, ko ta canza launi, ko ƙwaro ya huda, a fitar da ita.

Magana ta musamman ga iyaye mata masu yin mai da ƙuli-ƙuli. Sau da yawa kyakkyawar gyaɗa ita ke tafiya kasuwa, tsintar ta zauna a gida domin ta fi araha. Ita ake niƙawa a yi ƙuli, ita ake sa wa kunun yaro. In an matse mai, mafi yawan gubar a cikin tunkuza take zama, watau a cikin ƙulin da yara ke ci. Ribar da aka samu a mudu ɗaya ba ta kai kuɗin jinyar hanta ba. Tsintar da aka fitar, kada a ba yara, kada a ba kaji, kada a ba dabbar da ake tatsa. A ƙone ta ko a binne ta da zurfi.

Haka kuma a kai jarirai allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B. Tun 2004 tana cikin alluran yara na yau da kullum a Nijeriya, kuma ta farko ana so a yi ta ranar haihuwa. Hantar da ba ta da wannan ciwo ta fi ƙarfin jure gubar.

Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa, ko ma'aikatan hukumar KARDA ta Jihar Kebbi. Ga kuma Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a Zuru a 2020, a nan cikin gida.

Jama'a, shuka tana yin iyakar ƙoƙarinta muddin tana da ruwa a jiki, ganuwarta kuma ba ta tsage ba. Daga ranar da aka cire ta, tsaron ya koma hannun mai gona da matar gida. Ƙasar da ke bikin Uhola domin murnar amfanin gona, ya dace abin da ta zuba a rumbu ya zama lafiyayye. Allah ya ba da damina mai albarka, ya sa a ci lafiya.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Me ya sa wanki da dahuwa ba sa isa su gyara gyaɗar da ta yi fumfuna?

2. Mene ne jan da ake gani a ganyen dawa inda cuta ta taɓa?

3. Me ke faruwa da garkuwar gyaɗa in ruwa ya ɗauke kafin ta nuna?

4. Wane bambanci ke tsakanin fumfunar da ke cikin Aflasafe da mai guba?

5. A ƙauyenku, ina tsintar gyaɗa take tafiya? Me za a yi a gyara?